Wata Biyar Da Nilsa Ba Ta Yi Ba

Nilsa Irizarry Pabón ta yi kusan shekara talatin tana dafa wa 'ya'yan mutane abinci a makarantun gwamnati na garin Adjuntas, kuma a tsawon shekarun nan ba wanda ya taɓa jin ta ɗaga murya. Gajeriya ce mai faɗin kafaɗa, damatsanta duk tabon tafasasshen mai. Ƙarfe biyar da rabi na safe take gangarowa daga gidansu da ke kan tudu a Yahuecas, ta buɗe kicin, ta ɗora wake tun kafin ta sauke jaka daga kafaɗarta. Yara ɗari biyu da 'yan kai take ciyarwa. Ta san wanda ba ya cin kabewa, ta san wanda abincin makaranta shi ne abincinsa na yini. Irin wannan takan cika masa faranti ta kau da kai, kamar kuskure ta yi.

Tukunyar da ta fi ta nauyi ba ta ba ta tsoro. Wuta ma haka, don ta taɓa kashe gobarar mai da murfin tukunya ba ta kira kowa ba. Takarda ce abin tsoronta. Daga mahaifinta ta gado abin. Mai tsinkar kofi ne, ya taɓa dangwala yatsa a takardar da bai iya karantawa ba, bayan shekara biyu aka zo aka ce ɗan filin da suke zaune a kai ba nasu ba ne. Nilsa tana da shekara tara a lokacin, ita ta ɗauko kajin gidan a kwando ranar da aka tashe su. Tun daga nan, in ta ga ambulan mai tambarin hukuma ba ta yarda ta buɗe shi da kanta. Ta iya karatu sarai, amma sai ta miƙa wa mijinta Monserrate, wanda kowa ke kira Monse, ta koma bakin ƙofa ta tsaya tana karantar fuskarsa shi yana karanta takardar.

Tana da shekara hamsin da shida aka sauya dokar fansho. Wata ranar Talata cikin Afrilu wakilin ƙungiyar ma'aikata ya zo makarantar, ya tara masu dafa abinci da masu shara a ɗakin cin abinci, ya yi musu bayani dalla-dalla. Duk wanda ya cika shekara talatin ta aiki kafin ƙarshen Yuni zai iya yin ritaya da fanshonsa cikakke. Wanda bai cika ba, sabon tsari zai hau kansa: ya ƙara shekaru yana aiki, kuma abin da zai samu a ƙarshe ya ragu sosai. Sai ya zo kan maganar da ta shafi Nilsa. Waɗanda suka fara aiki a matsayin na wucin gadi, ba a cire musu kuɗin fansho a lokacin ba, don haka ba a ƙirga musu waɗannan shekarun. Da can kana iya sayen su duk ranar da ka ga dama, ka biya abin da ya kamata a cire maka da ruwan da ya hau kai, a haɗa maka. Daga ranar ƙarshe ta Yuni an rufe wannan ƙofar.

Nilsa ta san da maganar sayen shekaru tuntuni. Shekara ashirin tana cewa baɗi. Ta dubi hannuwanta a kan cinyarta. Yatsun sun fara lanƙwashewa da ciwon gaɓɓai, da safe sai ta tsoma su a ruwan ɗumi kafin su yarda su riƙe wuƙa. Waɗannan hannuwan ba za su ƙara shekara biyar ba, ko ita ta so.

Cuca, abokiyar aikinta, wata doguwa mai bakin da ba ya hutawa, ta zungure ta da gwiwar hannu.

"Ke Nilsa, numfasa mana. Kin yi kamar wadda aka ce gobe za a rataye."

"Ina numfashi."

"To fuskarki ba ta sani ba. Nawa ne naki na wucin gadi?"

"Huɗu da rabi."

"Ai ke kin tsira, 'yar gata. Ni ko na sayi shekarun uwata na haɗa ba zan kai ba. A kicin ɗin nan za a yi jana'izata, da ludayi a hannu."

Ranar Juma'a Monse ya ɗauke ta a tsohuwar a-kori-kurarsa suka gangara birnin Ponce. A hanyar nan mai kwana-kwana sau biyu ta ce ya tsaya ta sha iska. Ofishin fansho cike yake da 'yan sanda da masu jinya da masu gyaran hanya, kowa rungume da fayil a ƙirji. Sai bayan azahar layi ya zo kanta. Ma'aikacin da ta samu wani mai sanƙo ne, Señor Betancourt, muryarsa ta dishe saboda maimaita magana ɗaya tun safe. Ya danna kwamfuta, ya ja takarda ya rubuta mata da manyan lambobi. Zuwa ƙarshen Yuni tana da shekara ashirin da biyar da wata takwas. In ta sayi huɗu da rabi na wucin gadi, ta sami talatin da wata biyu.

"Kin haye da wata biyu, Doña Nilsa. Da ƙyar, amma kin haye. Sai dai akwai matsala ɗaya."



Ya ce makarantar da ta fara aiki an rufe ta da daɗewa, takardun albashin wancan lokacin kuma ruwan guguwa ya jiƙa su a ɗakin ajiya, sun manne sun zama dunƙule. Don haka sai ta kawo takardar rantsuwa biyu daga gaban lauya: ɗaya tata, ɗaya ta shugabar kicin ɗin da ta yi aiki a ƙarƙashinta, su shaida cewa ta yi aikin daga wata kaza zuwa wata kaza ba yankewa. Ya miƙo mata fom. Wannan karon ba ta ba Monse ba, idonta ne ya faɗa kan layin ƙarshe da kansa. An rubuta cewa duk wanda ya rantse a kan abin da ya san ƙarya ne, zai iya rasa haƙƙinsa, a ci shi tara, ko a ɗaure shi.

Ta ninke fom ɗin ta sa a jaka, suka kamo hanyar gida.

Ga abin da ya faru a wancan lokacin. A shekararta ta uku ta wucin gadi Nilsa ta sami ciki na biyu, cikin ya zo da jini. Likita ya ce ko ta kwanta ko ta rasa shi. Ta san in ta yi sati biyu ba ta zo ba za a sa wata a gurbinta, ga shi Monse ba shi da aikin kirki a lokacin. Sai ƙanwarta Áurea, wadda shekara ɗaya ce tsakaninsu kuma suke kama kamar an tsaga kara, ta sa farar rigar aikin Nilsa, ta ɗaura ragar gashi, ta tafi. Wata biyar cur Áurea tana wanke tukwane tana sa hannu da sunan yayarta. Cak ɗin albashi yana fitowa da sunan Nilsa, su raba biyu. Shugabar kicin, Doña Herminia Quiles, ba ta taɓa cewa komai ba. Da Nilsa ta dawo bayan haihuwa, kallo ɗaya ta yi mata ta ce, "Kin rame," shi ke nan. Shekara kusan ashirin da takwas Nilsa ba ta sani ba ko matar ta gane ko ba ta gane ba.

In aka cire wata biyar ɗin nan, saura ashirin da tara da wata tara. Wata uku ya rage mata.

Monse yana ba zakarunsa na faɗa masara a bayan gida ta faɗa masa. Ko juyowa bai yi ba.

"Wa zai sani? Takardun sun ruɓe, mutumin da bakinsa ya faɗa. Aikin dai an yi shi ko ba a yi ba? Yara sun ci ko ba su ci ba?"

"Ba ni na yi ba, Monse."

"Jininki ne ya yi. Gwamnati ta biya mutum ɗaya, mutum ɗaya ya yi aiki. Ina satar?"

"An ce ɗauri."

"An ce! Su ɗaure tsohuwa mai dafa wake? Gidan yarin ma ba su da wurin ajiye ɓarayin gaske."

Ranar Lahadi bayan coci Áurea ta zo da ayaba da busasshen kifi. Ita aikin share gidajen mutane take yi, ba ta da fansho ko na sisi, ba ta kuma sa rai. Da ta ji maganar sai ta naɗe hannun riga ta nuna wani dogon tabo a damtsenta.

"Kin ga wannan? Tukunyar shinkafarki ce, wata na uku. Ni na ƙone, na kuma ba ki kyauta. Ki sa hannu, Yaya. In kika zubar da wata biyar ɗin nan, wallahi ni kika zubar."

"In aka kama mu fa? Ke ma kin sa hannu da sunan da ba naki ba."

"Su zo su kama ni. Ko ba komai na huta da goge bayan gidan mutane."

Nilsa ta yi dariyar yaƙe.

Makonnin da suka biyo baya sun yi mata tsawo. Fom ɗin yana cikin jakarta a ninke, duk inda ta je tana jin nauyinsa. Har sau biyu ta manta ta maimaita zuba gishiri a wake, abin da ba ta taɓa yi ba. In motar 'yan sanda ta wuce ta gaban makaranta sai ta bi ta da ido har ta ɓace, alhali ko biro ba ta ɗora a kan takardar ba tukuna. Cuca kuwa, da ba ta san komai ba, kullum da labarin da take kwasowa a kanti.

"Kun ji wata a can wajen Arecibo? An ce ta ƙara wa kanta shekara ɗaya, bayan shekara uku suka gano. Suka tsayar da fanshon, suka ce ta dawo da duk abin da ta ci. Har gidanta ta sayar, an ce yanzu a garejin surukinta take kwana."

"Wa ya faɗa miki?" in ji Nilsa.

"Kowa ya sani. Ke me ya dame ki? Ke da ko cokalin gwamnati ba ki taɓa kai wa gida ba."

Nilsa ta shiga ɗakin ajiyar kaya ta rufe ƙofa, ta zauna a kan buhun shinkafa. Tsoron nata biyu ne, kowanne yana jan ta gefensa. In ta rantse, za ta ƙare rayuwarta tana jiran ranar da za a ƙwanƙwasa ƙofa. In ba ta rantse ba, tana hango kanta da shekara sittin da ɗaya, tukunya ta suɓuce daga yatsunta a kan ɗan wani.

Mayu ya raba tsakiya kafin ta iya tattara ƙarfin zuwa wurin Doña Herminia. Tsohuwar tana da shekara tamanin da huɗu, tana zaune a Utuado wurin 'yarta. Nilsa ta tafi ita kaɗai a motar haya, da gurasar da ta gasa a cikin tawul. A baranda ta same ta, cikin kujera mai lilo, da siririn bututun iska a hanci. Ta ƙanƙance, amma idanun nan suna nan yadda suke, irin waɗanda a da suke hango gashi ɗaya a cikin tukunyar mutum ɗari biyu.

"A sa mini albarka, Doña Herminia."

"Allah ya yi miki albarka. Irizarry ce ko? Matso. Nuna mini farcenki."

Nilsa, mai jikoki uku, ta miƙa hannuwa kamar 'yar makaranta. Tsohuwar ta juya su, ta daɗe tana duban kumburarrun gaɓɓan.

"A yanke suke. Amma hannun ya ƙare. Zauna. Takarda kika kawo, ke ce ta huɗu a watan nan."

Ta sa tabarau ta karanta fom ɗin tun daga sama har ƙasa, leɓɓanta suna motsi. Nilsa ta riga ta rubuta watannin da fensir, huɗu da rabi cif, don ta ga abin da matar za ta ce. Kujerar ta daina lilo.

"Ba yankewa, in ji takardar nan."

Nilsa ta sunkuyar da kai.

"Ina ƙanwarki? Mai yanka albasa da hannun hagu."

Nilsa ta ɗago ta dube ta. Tsohuwar ta ci gaba.

"Kin ɗauka makauniya ce ni? Ran farko na gane. Na yi shiru ne don na san halin da kike ciki, kuma yarinyar ta fi ki saurin wanke-wanke. Wancan shirun nawa ne, ni zan amsa shi a gaban Allah. Amma shiru daban, rantsuwa daban. Dube ni da kyau, 'yata. Likita ya ce zuciyar nan ba za ta ga Kirsimeti biyu ba. Ba zan ɗora hannu a kan Littafi Mai Tsarki in ɗauki wata biyar ɗinki in tafi da su can ba. Huɗu da wata ɗaya zan sa wa hannu, ko yau in kin kawo lauya."

Abin mamaki, abin da Nilsa ta fara ji sauƙi ne, kamar an sauke mata tulu daga ka. Sai lissafin ya dawo mata, ta fashe da kuka, irin kukan da ba ta yi ba tun rasuwar uwarta. Ta ce wata uku, Doña Herminia, wata uku kacal. Tsohuwar ba ta lallashe ta ba. Ta bar ta ta yi mai isarta, tana gutsurar gurasa tana taunawa a hankali.

"Gishiri ya yi kaɗan. Share fuskarki. Ni daga ina na samo ki?"

"Na'am?"

"Ba daga sama kika faɗo kicin ɗina ba. Wani ya turo ki da 'yar takarda."

Nilsa ta yi tunani. "Daga gidan tsofaffi na cikin gari. Na ɗan taya su girki kafin nan."

"Wa yake biyan ki?"

"Ofishin magajin gari."

"To shi magajin gari ɗan kasuwa ne? Shekara talatin kina cin albashin hukuma ba ki san hukuma ba. Wannan aikin ma ana sayensa a ƙirga miki. Wata nawa kika yi?"

Adadin watannin ya ɓace wa Nilsa. Ta tuna ana sanyi lokacin da ta fara, ta tuna ana ruwa lokacin da ta bari. Zai iya zama wata biyu, zai iya zama huɗu. In biyu ne, ba za su cike mata wata ukun ba.

Sau uku ta je ofishin magajin gari. Na farko mai riƙe da makullin ɗakin tsofaffin takardu ba ta nan. Na biyu aka ce ta rubuto buƙatarta. Na uku, ran goma sha ɗaya ga Yuni, matar ta ji tausayinta ta ce ta biyo ta. Ɗaki ne a ƙasan bene, mai warin laima, an jera manyan littattafan albashi masu baƙin bango har rufi. Matar ta sauko da na shekarar, ta buɗe a kan tebur, tana bin sunaye da yatsa. Nilsa ta riƙe gefen teburin da hannu biyu.

Fabrairu, ga sunanta. Maris, ga shi. Matar ta juya shafi, ta bi ta sauka har ƙasa, ta sake hawa.

"Afrilu ban gan ki ba, Doña."

Matar ta ƙara bin shafin, sai yatsanta ya tsaya.

"Tsaya. Ga wata Nilda Irizarri a nan, a ƙarƙashin masu shara. Faɗo mini lambarki ta ma'aikata."

Nilsa ta faɗa, lamba ɗaya bayan ɗaya. Ita ce. Wani magatakarda ne ya karkace sunan shekara talatin da suka wuce. Mayu ma haka aka rubuta. Wata huɗu. Matar ta buga mata takardar shaida, ta ƙara layi a ƙasa cewa sunan biyu mutum ɗaya ne. Da Nilsa ta fito dandalin gari sai ta zauna a kan benci da takardar a hannu.

Saura kuɗi. Da ruwan da ya hau, abin ya kai dala dubu goma sha ɗaya da ɗari huɗu, kusan albashinta na shekara. Bankin haɗin gwiwa na garin ya yarda ya ba ta dubu takwas. Sauran, wata Asabar da safe ta ga wani mutumin garin Lares ya zo da kejuna, Monse yana kama zakarunsa ɗaya bayan ɗaya yana miƙa masa, har da jan nan da yake wanke wa ƙafa da giya. Bai gaya mata zai yi ba. Da motar ta tafi ya shigo ya ajiye kuɗin a kan tebur.

"Dama sun ishe ni da cara," ya ce, ya fita bai dube ta ba.

Ran ashirin da bakwai ga Yuni suka koma Ponce. Layin ya fito waje ya zagaye ginin, rana tana dukan mutane, wata mai jinya ta yanke jiki ta faɗi a gabansu aka yi ta yi mata fifita da fayil. Mai gadi yana ta cewa wanda bai shiga ba kafin ƙarfe huɗu sai gobe. Uku da kwata Nilsa ta zauna a gaban Señor Betancourt. Muryarsa yanzu ta tafi gaba ɗaya, raɗa yake yi. Ya baje takardun, ya duba ta magajin gari, ya daɗe a kan layin sunan, ya gwada lambar da ta kwamfuta, ya gyaɗa kai. Ya ɗauki takardun rantsuwar biyu ya jera su. Sai ya ɗaure gira.

"Wancan karon huɗu da rabi muka lissafa. Yanzu na ga rami a tsakiya, Maris zuwa Yuli. Ina kika shiga?"

Nilsa ta ji Monse ya taka mata ƙafa a ƙarƙashin tebur. Amma tsoro ya riga ya kwance mata harshe, maganar ta zubo da kanta.

"Ina kwance, ranka ya daɗe, ciki ne da ni. Ba ni na yi su ba. Ƙanwata ce ta... ni dai ban je ba, amma cak ɗin..."

Mutumin ya ɗaga tafin hannu. Ya dube ta ta saman tabarau, ya dubi layin da ke bayanta, ya jefa alewar tari a baki.

"Doña Nilsa, kin nemi sayen watannin nan?"

"A'a."

"Kin rantse kin yi su?"

"A'a, ranka ya daɗe."

"To ni abin da aka nema nake ƙirgawa. Kina kwance, na ji. Allah ya raya abin da aka haifa."

"Ai ta yi aure, tana can birnin Orlando."

"Madalla."

Ya danna na'urar lissafi, ya juyo mata da ita ta gani. Talatin da wata ɗaya. Ya nuna mata inda za ta sa hannu, wuri huɗu. Biron ya ƙi zama a yatsunta, sai da ta tallafe hannun dama da na hagu. Ya buga hatimi, ya ce ta je taga ta uku ta biya kafin a rufe.

Kwana uku bayan nan ta bar aiki. Cuca ta yi mata kek, ta yi kuka, ta zage ta da cewa ta gudu ta bar ta da tukwane. Áurea kuwa ta yi wata biyu ba ta taka gidan ba. Ta aiko da saƙo ta bakin Monse cewa tunda wahalarta ba ta da daraja, Yaya ta ci gaskiyarta ta ƙoshi. Sai ranar da aka yi wa jikar Nilsa baftisma suka haɗu a kicin, aiki ya yi yawa, ba wanda ya sami sararin fushi.

Fanshon bai fara zuwa nan da nan ba, don mutanen da suka fita a watan nan dubbai ne. Yuli ya wuce, Agusta, Satumba. Bankin yana karɓar nasa duk wata. Suka koma cin ayabar bayan gida da ƙwai, Monse yana ɗan yin dako da motarsa. Nilsa ta tabbata a ranta cewa maganar da ta suɓuce mata a ofis ce ta tsayar da komai, cewa wani yana can ya ware fayil ɗinta gefe. Duk ƙarfe goma sha ɗaya, in ta ji ƙarar motar mai kawo wasiƙa tana hawo tudu, sai ta bar abin da take yi ta tsaya a bayan labule.

A farkon Disamba wasiƙar ta zo. Monse ya tafi Jayuya da lodin siminti, ba zai dawo ba sai yamma. Ta ajiye ta a kan firji, ta share gida, ta wanke kayan da ba su yi datti ba, ta dawo ta tsaya a gabanta. Wajen ƙarfe biyu ta ɗauko wuƙar yanka albasa ta farke bakin ambulan ɗin, ta karanta a tsaye. An amince. Dala ɗari takwas da sittin da biyu duk wata, da na watannin baya a dunƙule. Ta karanta sau uku tana neman inda aka ce amma, ba ta samu ba.

Shekara biyar ta yi tana biyan bankin, ta gama. Yatsun hannun damanta yanzu ba sa miƙewa, Monse ne yake yanka mata nama, tana tsaye a kansa tana cewa ya yi girma. Tana nan a Yahuecas. Ran Laraba Monse yakan kai ta cikin gari ta sayi magani, ta biya ta bayan makarantar ta leƙa ta tagar kicin. Sababbin masu girkin suna ce mata Doña Nilsa, su miƙo mata cokali ta ɗanɗana waken. Takan ce ya yi, ko da bai yi ba, sannan a hanyar gida ta gaya wa Monse gaskiya.